Karatun da Haladu Yake So Ya Ji

A gidan Haladu mai riɗi da ke Gagarawa, da kunne ake auna karatu. In an ji murya, ana yi. In an ji shiru, barci ne ko wasa. Ba a littafi ya samo wannan doka ba, a gadon bayansa ya same ta, lokacin da yake yaro a makarantar allo, inda duk wanda bakinsa ya tsaya dorina ke tashinsa. Saboda haka shekarar da 'yarsa Muhsina ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, sai ya sa aka shimfiɗa mata tabarma daidai ƙofar da ke kallon zaure, don ya riƙa jiyo ta yana awo.

Yarinyar kuwa ba ta yi ƙyuiya ba. Da an idar da sallar asuba za ta buɗe littafin da ta kwafe bayanan malamai, ta ɗaga murya ta kama rerawa, ta kai ƙarshen shafi ta dawo farko. Da yamma haka. Har 'yan dako masu sauke buhu suka haddace wasu kalmomin Turanci suna tsokanar juna da su. Muryarta ta dishe, uwarta Murja ta yi ta dafa mata citta da kanumfari. Shi ko Haladu, duk baƙon da ya shigo zaure sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Tsaya, kana ji? Malamar asibiti ce nan gaba."

Sakamakon jarrabawar fita ya fito. Kiredit biyu: Hausa da addini. Darussa biyar ɗin da makarantar koyon jinya take nema kuwa duk sun zube.

Mutane suka yi ta shigowa jaje kamar an yi rasuwa, kowa da kalma ɗaya a baki: ba rabo, haka Allah ya nufa, ai kowa shaida ne yarinyar nan ta yi karatu. Ana cikin haka Baraka ta iso daga Gumel. Yayar Haladu ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta tsufa a aji tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata kafin ta ajiye aiki. Ta zauna a tsakar gida tana sauraron masu jaje, ranta yana tafasa. Ba ta musun ƙaddara. Abin da take ƙi shi ne yadda ake ɗaukar sunan Allah a rufe tukunya da shi, don kada wani ya leƙa ya ga abin da ya ƙone.

Da aka ragu, ta kira yarinyar. Ta ture turmin da ke gefen rijiya da ƙafa, ta nuna ciyawar da ke ƙarƙashinsa.

"Me ya sa wannan ta yi fari, ta kusa da ita kuma shar?"

Muhsina ta dubi ciyawa, ta dubi uwarta. "Gwaggo, ba a yi mana wannan ba."

"To, faɗa mini yadda tsiro yake yin abincinsa."

Nan take fuskar yarinyar ta washe. Ta gyara tsayuwa, ta lumshe ido, ta kama zuba Turanci kamar ana ɗiban ruwa a famfo, ba gargada, har da inda malamin ya sa waƙafi. Haladu ya leƙo daga zaure yana murmushi.

"Kin ji ko, Yaya? Kin ji da kunnenki?"

"Na ji," in ji Baraka. "Amsar tambayata tana cikin abin da ta rera yanzun nan. Ta ambaci hasken rana har sau nawa, ba ta san ta ambata ba. Shekara guda kun zaunar da yarinya tana zuba ruwa a rariya, kuna tafa mata."

Haladu bai so maganar ba, amma ba ya iya ɗaga wa yayarsa murya a gaban iyalinsa. Aka ja, aka ja, daga ƙarshe ya yanke: za ta sake zama jarrabawar tare da 'yan waje masu rubutawa daga gida, sau ɗaya tak. In ta sake faɗuwa, boko ya ƙare, ta zauna ta taya uwarta tankaɗen riɗi. Baraka ta ce ta ji, amma a hannunta yarinyar za ta zauna. Ranar suka kama hanyar Gumel.

Abin da Muhsina ta tarar a gidan gwaggonta bai yi kama da karatu ba ko kaɗan. Baraka za ta ba ta shafi biyu ta ce ta duba a zuci. In ta gama, sai ta karɓe littafin ta sa a kan kujera ta zauna a kansa, ta miƙa mata farar takarda da biro.

"Rubuta abin da kika tuna."

"Gwaggo, bari in ƙara dubawa sau ɗaya."

"A ɗakin jarrabawa wa zai tashi ya ba ki? Rubuta."

Yarinyar za ta yi ta kallon takarda, ta rubuta layi uku, ta tsaya. Sai Baraka ta ɗaga, ta zaro littafin, ta sa ta gwada da kanta, ta ja jan biro a duk abin da ta tsallake. Gobe ba za a koma kan shafin ba, wani darasi za a shiga. Sai an kwana biyu, lokacin da Muhsina ta tabbata ya gudu daga kanta, sannan za a ce ta sake rubuto shi. Kwalayen shayi da na sukari duk Baraka ta yayyanka su ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ta ajiye kwano biyu: wanda aka ci ya shiga na dama, wanda aka faɗi ya shiga na hagu, gobe da shi za a fara. Ranar Asabar ta fito da tsofaffin takardun jarrabawa na shekarun baya, ta ɗora agogon bango a kan tabarma, ta koma gefe tana tsinke zogale, ba tari ba magana sai lokaci ya cika. In an yi azahar kuwa dole a kwanta, don ta ce ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba buhu ne mai huji.

Kwanon hagu kullum a cike yake. Wannan shi ya fi ci wa Muhsina rai. A Gagarawa in ta rufe littafi da yamma ji take duniya ta sani. A nan kullum sai an nuna mata abin da ba ta sani ba. Baraka kuma ba ta iya lallashi ba, ba ta taɓa iyawa ba. In yarinyar ta manta ta fara rera amsa, sai ta daka mata tsawa.

"Kashe rediyon nan! Faɗa mini da Hausa, kamar Ummulkhair mai ƙosai kike wa bayani. In ba za ki iya faɗa da Hausa ba, ba ki sani ba."

Wata rana yarinyar ta fashe da kuka a kan lissafi. Baraka ta dube ta ta ce hawaye ba ya cikin abin da ake ba maki, ta share ta ci gaba. Ta ga yadda kafaɗun yarinyar suka sauka, ta kuma san maganar ta yi nauyi, amma haushin malaman da suka cika wa yara littafi da kwafe, da haushin ƙaninta, da haushin lokacin da ya ƙure, duk suka taru suka hana ta sassautawa.

Ranar Alhamis da hantsi, ranar kasuwar Maigatari, motar riɗi ta tsaya a bakin layi. Haladu ya sauko, bai yi sallama ba tukuna. Ya tsaya jikin katanga ya kasa kunne. Ya ji kaza. Ya ji adaidaita ta wuce. Bai ji karatu ba. Da ya shiga, ga abin da ya gani: 'yarsa zaune ta tallafe haɓa tana kallon farar takarda, yayarsa kuma ta hakimce a kan littafin kemistiri tana shan koko.

"Yaya, barka da hantsi. Ina karatun?"

"Ga shi ana yi."

"Ina? Ni dai tun daga waje nake saurare, ko tarin mutum ban ji ba. Littafin ma ga shi kin zaune shi."

"Haladu, ka gaishe ni ka wuce kasuwarka."

"Wallahi Yaya ba zan wuce ba. Dama ɗaya ta rage wa yarinyar nan. A gidana ko ba komai unguwa ta shaida tana yi. Mu da muka yi allo mun san karatu, sai an buɗe baki yake zama."

Baraka ta dire kofin har kokon ya fantsalo.

"Ku da kuka yi allo! Kai da ka gudu kana Sabbi? Ihun kawai ka tuna da dorina. To bari in tuna maka sauran. Akwai malamin da ya taɓa barin ka wanke allo don ka yi ihu? Sai ka kife shi, ka durƙusa, ka kawo da ka. In ka kakare ka koma. Alaramma mai satu, mai rubuto aya da ka, yana kallon Alƙur'ani yake rubutawa? Rufewar ita ce karatun, kai kuma ita ka yar, ka riƙe hayaniyar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Shekara guda kana jin girin-girin, ina man?"

Haladu ya sunkuyar da kai, amma ba sunkuyon wanda ya yarda ba ne. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ni ba da kaina na zo ba. Kira na aka yi."

Baraka ta juya. Muhsina tana murza gefen hijabinta.

"Ke?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Da wayar Ummulkhair na kira shi." Ta ɗago kai ta dube ta. "Tun da na zo gidan nan ba abin da na sani. Da can ina iya kawo shafi goma ban numfasa ba. Yanzu ko layi biyar sai na yi gumi. Kullum kwanon hagu. Ji nake har wanda na iya a da ma zubewa yake. Ni tsoro nake ji, Gwaggo."

Baraka ta buɗe baki za ta ce gumin nan shi ne alamar yana shiga, ta ce shafi goman nan su suka kai ta inda take. Amma abin da ya fito shi ne, "To ki tashi ki bi ubanki." Da la'asar motar ta dawo daga Maigatari ba kaya, ta ɗauki Muhsina da jakarta.

Gidan ya yi tsit. Baraka ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da ba ya buƙatar shara. Ta zagi Haladu a zuci, ta zagi kanta, ta zagi duk wanda ya fara cewa yawan maimaici shi ne sani. Tana jin yadda abin zai kasance kamar an riga an yi: tabarma a bakin zaure, citta da kanumfari, sannan masu jaje su sake cika gida suna cewa ba rabo. Yarinyar da ke son aikin asibiti tun tana goyon 'yar tsana za ta ƙare da rariya a hannu, kowa kuma ya wanke hannunsa. Ta tsaya a gaban kwanukan nan biyu, ta zazzage na dama ta duba. Bai cika ba, amma ya fi na makon jiya nesa ba kusa ba. Yarinyar ba ta taɓa duba shi ba, ita ma kuma ba ta taɓa nuna mata ba.

Washegari bayan an sauko Juma'a, Haladu yana zaure da abokan cinikinsa, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya. Baraka ta sauko da jakar kaya, da agogon bango a hammata, da kwano biyu ɗaure a ɗankwali.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Na zo ganin gida. Ko an hana ni gidan ubana?"

Ba a hana ta ba, ba kuma mai iya hanawa. Murja ta tare ta da fara'ar da ta fi ta kullum, ta share mata ɗakin marigayiya tsohuwarsu, tana raɗa mata, "Yaya, gara da kika zo, ni ba na iya magana."

Da safe aka shimfiɗa tabarma a inda aka saba. Muhsina ta buɗe littafi za ta fara, Baraka ta karɓe ta zauna a kai. Sai ta zazzage kwanon dama a cinyar yarinyar.

"Duba. Duk waɗannan kin ci su, ba littafi a gabanki. Ranar da kika zo Gumel ko ɗaya babu. Ubanki murya yake so, za mu ba shi murya har ya gaji. Ni zan yi tambaya da ƙarfi, ke ki amsa da ƙarfi."

Haka kuwa aka yi. Baraka tana da muryar da ta saba kaiwa bencin ƙarshe a aji mai cike da yara. In ta ƙwala tambaya, har awaki sai sun ɗaga kai. Muhsina ta amsa, ta kakare, a yi shiru na ɗan lokaci, Haladu ya yi gyaran murya daga zaure, Baraka ta mayar masa, "Tunani take, kai ma ka gwada wata rana!" In lokacin tsofaffin takardun jarrabawa ya yi, wanda dole sai da shiru, sai ta jira ya tafi kasuwar ƙauye. Ranar da bai fita ba, ita da kanta take komawa bakin zaure ta ɗauki littafin bayoloji ta yi ta karantawa da ƙarfi ba don kowa ba, yarinyar tana can ɗaki ita da agogo.

Wata safiya rigima ta tashi a zaure. Wani manomi daga Ɗanzomo ya kawo wake a buhun nan mai leda a ciki, yana rantsuwa bai sa masa magani ba, Haladu yana cewa ƙarya ne, ba yadda wake zai yi watanni ba ƙwaro in ba a barbaɗa masa komai ba. Baraka ta ɗaga murya yadda za su ji.

"Muhsina! Me ya kashe ƙwaron da ke buhun mutumin nan?"

Ba ya cikin kwali ko ɗaya. Leɓen yarinyar ya kama motsi. Can ta ce, da Hausa, a hankali, "Numfashi yake. An ɗaure leda, iska ba ta shiga. Shi da ƙwansa suna shaƙar wadda ke ciki har ta ƙare, wadda suke fitarwa kuma ta taru. Sai su mutu." Ta zaro ido. "Gwaggo, ai wannan babin numfashi ne!"

"To da babin me kike tsammani?"

Daga zaure Haladu ya ce, "Wannan ai surutu ne. Turawa ba za su tambayi ƙwaron wake ba." Amma ya sayi waken. Ita kuwa Muhsina, daga ranar ba a sake kokawa da ita a kan rufe littafi ba. Da kanta take miƙa shi a zauna a kai, da kanta take yanka kwali, har kwalin maganin sauron uwarta bai tsira ba.

Aka yi jarrabawa, Baraka ta koma Gumel da agogonta. Da sakamako ya fito, Muhsina ce ta kira, wannan karon da wayar ubanta, tana magana tana haki. Darussa biyar ɗin duk sun fita. Lissafi da ƙyar ya tsallake, a bakin gaɓa, amma ya tsallake. Za ta cike takardar makarantar jinya. Baraka ta ce alhamdu lillahi, ta ce kada ta sake ta ɗauka an gama, akwai jarrabawar shiga a gaba. Sai da ta kashe wayar ta zauna a bakin gado ta bar hawayenta ya zubo, ba mai gani.

Ta je Gagarawa barka. Tun daga bakin zaure ta jiyo ƙaninta yana ba mutane labari, ya baje babbar riga.

"Ni dama na faɗa! Can Gumel shiru suka yi ta yi kamar gidan makoki. Da na dawo da ita nan aka buɗe murya, mutum biyu ma ba ɗaya ba, kun dai ji da kunnenku. Karatu sai da murya. Duk mai ɗa a aji shida ya ji wannan."

Mutane suna gyaɗa kai. Wani dattijo yana cewa gaskiya ne, shi ma yau zai sa tasa 'yar a bakin ƙofa.

Baraka ta tsaya a tsakiyar zauren, jakarta a hannu, ta dubi dattijon.

"Malam Ya'u, yarinyarka ajinta nawa?"

"Biyar, Hajiya. Baɗi za ta shiga shida."

"Ranar Asabar ka sa ta a mota zuwa Gumel, a tambayi gidan Malama Baraka. Ta taho da littattafanta da duk kwalin shayin da ke gidanku. In kuma ka fi son shawarar wannan, to ka sayi citta da yawa tun tana araha."

Haladu ya ce, "Haba Yaya, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi ƙaryar," in ji ta, ta ɗaga labule ta shige cikin gida.